Amsa kan sarƙar nan mai harafin B

'Yar'uwa, kin tambaya ko Anne Boleyn, matar Sarki Henry na 8 na Ingila ta biyu, ce ta fara rataya harafin suna a wuya, kamar yadda kika gani a fim, kuma me B ɗin yake nufi. Na daɗe ina raka baƙi zagayen gidajen tarihi a Landan da kewayenta, hoton Anne da sarƙar nan kuwa na tsaya gabansa ya fi a ƙirga, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Ba ita ta fara ba. Tun kafin a haife ta maƙeran Turai suke ƙera haruffa da zinare, kuma tushen abin addini ne. A New College da ke Oxford akwai wani ɗan ado na wajen ƙarshen ƙarni na 14, harafin M ne da kambi a kansa, na sunan Maryamu. Akwai kuma IHS, haruffan farko na sunan Annabi Isa da Girkanci, wanda Kiristocin lokacin ke ratayawa don neman tsari, kusan yadda ake rataya laya. Jane Seymour, wadda Sarki Henry na 8 ya aura bayan Anne, shi ne a ƙirjinta a hoton da mai zane Holbein ya zana mata. Maza ma ba a bar su a baya ba, don manyan fadawan Ingila na saka wata doguwar sarƙa da aka jera harafin S tun zamanin gidan sarautar Lancaster, alamar cewa su mutanen sarki ne. Ita ce a kafaɗar Thomas More, ɗaya daga cikin manyan fadawan Henry, a hotonsa na 1527.

To ki duba na Anne da kyau. A hotonta na National Portrait Gallery, gidan hotunan da ke Landan, sarƙar lu'ulu'u ce ta kama wuya tsam, kan sarƙar B ne na zinare, ga lu'ulu'u uku masu kama da ɗigon ruwa suna reto a ƙasansa. Abin da baƙina ke yawan tsallakewa shi ne, ai sunanta da A ya fara. B ɗin na gidan ubanta ne, Boleyn. Nan ma'anar take a ganina. Yau mace kan sayi harafin sunanta don ta ce ga ni. Su kuwa a wancan zamani harafin yana faɗin na wane ne kai: gidanku, ko mijinki, ko sarkinka, ko wanda kake bauta wa. Ya fi kusa da tsagar gado a kan kwalliya kawai.

Shi ya sa Anne ta Denmak, matar Sarki James na 1, take saka C4 saboda ɗan'uwanta Sarki Christian na 4, da S saboda mahaifiyarta Sophie. Tana zaune a fadar Ingila amma adonta na tuna wa kowa 'yar gidan sarautar da ta fito. Haka nan a 2019 wani mai neman ƙarafa a ƙasa ya tono kan sarƙa na zinare mai siffar zuciya a Warwickshire, ɗauke da H da K, wato Henry da uwargidansa Katherine.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na Elizabeth, 'yar da Anne Boleyn ta haifa wa Henry. An fille kan Anne Boleyn ranar 19 ga Mayu 1536, yarinyar ba ta cika shekara uku ba. Amma a hoton iyalan Henry na wajen 1545 za ki gan ta tsaye a gefe da harafin A a wuyanta, a fadar da ba a son jin sunan uwarta.

Ba a son jin sa kuwa da gaske. Kwana 11 bayan kisan Henry ya sake aure, aka sa magina da massassaƙa su kankare H da A da aka sarƙe a ginin fadar Hampton Court. Sun yi aikin cikin gaggawa, wasu suka kuɓuce musu. Duk wanda na kai babban zauren sai na tsayar da shi gaban katakon da ke bakin shiga, in sa ya ɗaga kai, in nuna masa su da yatsa.