Likita ya sallami Hajiya, amma tana kan gadon asibiti

Kawu, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da mutanen gida. Ranar da muka yi waya kun tambaye ni yadda aka yi Hajiya, mahaifiyar maƙwabciyata a nan Manchesta, ta ƙara sati uku a asibiti bayan likita ya ce ta samu sauƙi. Kun ce ko kuɗi ake bin su, ko kuwa 'ya'yan ne suka yi mata riƙon sakainar kashi. Wallahi ko ɗaya babu.

Ba a bin ta ko kwabo. Asibitin gwamnati a Ingila kyauta ne tun 1948. Abin da ya tsare ta shi ne babu mai jinya a gida. Ta faɗi ne ta karye a ƙugu, aka yi mata aiki, ƙashi ya kama. To gidan 'yarta irin gidajen nan ne masu matsattsen bene, banɗaki yana sama. 'Yar tana aikin dare, mijin ya fita tun asuba, jikoki suna makaranta. Wa zai kama ta zuwa banɗaki da hantsi? Wa zai miƙa mata buta? Asibiti ba ya sakin tsoho haka, sai an duba gidan, an kafa ƙarfen dafawa, an kawo gado, an kuma samo masu zuwa kula da ita.

Nan ake samun cikas. Magani na asibiti ne, amma wanka da ciyarwa da sa tufafi a wuyan ƙaramar hukuma suke, kuma su ba kyauta ba ne. Ƙaramar hukumar takan ɗauki nauyin har sati shida na farko, daga nan sai a duba ajiyar mutum: in ta haura fam 23,250, shi zai biya. Ko an daidaita batun kuɗin, ma'aikatan ba su isa ba. A 'yan shekarun nan, kusan kullum akwai kimanin mutum 12,000 a asibitocin Ingila da suka isa sallama amma suna kwance. Su kuma sababbin marasa lafiya suna cikin motar asibiti a bakin ƙofa, suna jiran gado.

Aikin da nake yi ke nan, Kawu, kula da tsofaffi a gidajensu, na san shi ciki da bai. In buɗe ɗan akwatin makulli da ke jikin bango, in shiga, in tarar da tsohuwa ita kaɗai da talabijin. Minti 30 gare ni: in wanke ta, in haɗa shayi, in ba da magani, in rubuta a waya, in wuce gida na gaba. Wata takan riƙe mini hannu, don ni ce kaɗai za ta gani har azahar.

Mu Hausawan nan ba ma iya zuba ido. Da aka kwantar da Hajiya muka raba kwanaki a WhatsApp: wannan ta kai kunun gyaɗa, waccan ta je ta yi mata kitso, wata ta tsaya ta taimaka mata da alwala. Kuma mun kafe cewa mace ce za ta riƙa yi mata wanka. Hakan ya ƙara mana kwanaki, ban ɓoye muku ba, amma ita kanta ta ce gara ta jira. Wasu kan kira ƙanwa daga gida da bizar ziyara ta wata shida, wasu su maido tsohonsu Najeriya gaba ɗaya.

Na san za ku ce a Kaduna ba a haka, kuma gaskiyarku. Ko a asibitin Barau Dikko ne, mai jinya tana nan da tabarmarta da fulas, ana sallama sai a tari Keke Napep zuwa Tudun Wada, gida cike da hannaye. Sai dai ku tuna jinyar Kaka: shekara biyu Anti ce ke juya ta da dare, har ta bar ɗinkinta, mu kuwa sai sannu da ƙoƙari muke ce mata.

Hajiya dai ta dawo ranar Talata. An sa mata gado a falo, ma'aikaciya na zuwa sau huɗu a rana. Ta ce in gaishe ku, kuma in kun samu mai tahowa, a aiko mata da daddawa da kuka.