Amsa: Ƙarar motar lantarki idan an taka totur

Malam, ka ce motarka ta lantarki tana ƙas-ƙas da zarar ka taka totur a Garwa. Siririn fiton da ke ƙaruwa da gudu ba ciwo ba ne, kukan injin lantarkin ne da giyarsa. Amma ƙas-ƙas wajen tashi, musamman in ka karya sitiyari, shaf nake zargi, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa taya: robarsa ta yage, ƙurar hunturu ta shiga. Leƙa bayan tayar, za ka ga baƙin giris ya fantsama.

In gurnani ne da ba ya dainawa ko ka ɗaga ƙafa, boris ɗin taya ne, ramukan hanyar Marwa ba sa raga masa.

Kada makanike ya taɓa wayoyi masu ruwan goro, wutarsu takan kai volt 400.