Shin za a iya binne layin lantarki a gefen dogon Yamai zuwa Dosso? Amsoshin wasiƙunku

Tun da bazara ta kama, kusan duk wasiƙun da ke iso mini a kan wuta suke, don haka na zaɓi huɗu daga cikinsu a wannan mako.

Wani mai shagon buga takardu a unguwar Wadata ya rubuto cewa sharjar kwamfutarsa ta ƙone karo biyu, kuma duka biyun a daidai lokacin da aka maido da wuta ne.

Malam, da zarar an ɗauke wuta ka zare komai daga bango, idan ta dawo kuma ka ba ta minti 5 ta daidaita kafin ka jona. Ka sayi na'urar daidaita ƙarfin wuta mai jinkirta kunnawa, sannan ka rabu da sharjar jika biyu ta bakin titi, domin araha ba ta ado.

Wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ya ce an turo masa bidiyo ta WhatsApp da ke nuna yadda ake shirin binne babban layin lantarki a gefen layin dogo a Amurka. Yana tambaya: tunda dogon Yamai zuwa Dosso yana kwance ba jirgi, me ya hana a binne kebul a gefensa, a huta da ɗauke wuta?

Ƙanena, tambayarka ta mai tunani ce, sai dai ka ɗauki karatun bidiyon minti biyu ka zo da shi kamar ka sauke littafi. Bari mu fara da abin da yake gaskiya a ciki. Akwai shiri mai suna SOO Green, wanda aka tsara zai ɗauki megawat 2,100 daga Mason City a jihar Iowa zuwa kusa da Chicago a jihar Illinois, tafiyar kusan kilomita 560 a ƙarƙashin ƙasa, mafi yawanta a gefen layin dogon kamfanin Canadian Pacific Kansas City, wanda jirage ke bi har yanzu. Akwai kuma layin Champlain Hudson mai megawat 1,250, da aka fara ginawa a ƙarshen 2022 domin kai wutar madatsun ruwan Quebec ta Kanada zuwa birnin New York, wani sashe a ƙarƙashin ruwa, wani a gefen tituna da layukan dogo. Tsakanin Faransa da Ingila ma, tun 2022 kebul mai megawat 1,000 yake aiki a cikin ramin jirgin ƙasa da ya ratsa ƙarƙashin teku. Abin da ke jan hankalin injiniyoyi ga layin dogo shi ne fili: hanya ce doguwa, miƙaƙƙiya, shararriya, mai mamallaki ɗaya, ba sai an zauna da masu gonaki dubu ana cinikin diyya ba. A can, wannan zaman da shari'o'in da ke biyo bayansa sukan ci shekarun da suka fi na ginin kansa. Namu dogon, wanda aka fara shimfiɗawa a 2014 aka ƙaddamar a farkon 2016, mai tsawon kusan kilomita 140, yana da wannan falalar, kuma duk lokacin da na bi hanyar Dosso na gan shi ciyawa na cin sa, raina yakan ɓaci.

To, ga abin da bidiyon bai faɗa maka ba. Wutar da ke zuwa gidajenmu mai kai-da-komo ce, tana juyawa sau 50 a kowane sakan. A layin sama, tazarar iska mai yawa ce ke raba wayar da ƙasa, amma a kebul ɗin da aka binne, abin da ke tsakanin tagulla da ƙasa rufin roba ne na ƴan santimita kawai. Wannan kusancin yakan sa kebul ɗin ya zama kamar tulu da sai an cika shi a juye, a sake cikawa, a kowane juyi na wutar. Gwargwadon tsawonsa da ƙarfin wutar, gwargwadon yawan abin da ke tafiya wajen cika tulun, har a kai inda kebul ɗin zai yi zafi da ɗawainiyar kansa ba tare da ya isar da abin kirki ga kowa ba. Shi ya sa dogayen layukan ƙarƙashin ƙasa suke amfani da wuta mai tafiya hanya ɗaya, irin ta batir, wadda ke cika tulun sau ɗaya ta wuce. Amma hakan yana nufin a gina tashar juya wuta a kowane ƙarshe. Aikin da ƙaramar sharjar salularka ke yi ke nan, sai dai a nan ana maganar gini mai cin fili kamar filin ƙwallo, da kuɗin da ba ya biyan kansa sai wutar da za a ɗauka tana da yawan gaske. Ka kwatanta da kanka: tashar wuta ta Gorou Banda da ke gefen Yamai, mai aiki da injinan mai, megawat 100 ce, ta hasken rana da ke kusa da ita kuma megawat 30, alhali layin SOO Green shi kaɗai ya ninka ta farkon sau 21.

Na biyu shi ne zafi, kuma a ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wayar sama iska ke fifita ta. Wadda aka binne kuwa ba ta da inda za ta kai zafinta sai cikin ƙasar da ta kewaye ta, kuma busasshen rairayi yana riƙe zafi kamar bargo. Idan kebul ya ɗumama yakan kori ɗan danshin da ke kusa da shi, ƙasar ta ƙara bushewa, shi kuma ya ƙara zafi, har rufin robar, wanda galibi ba a so ya wuce digiri 90, ya fara lalacewa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da kowane gida a Yamai ya kunna fanka da firji kuma layi ya fi ɗaukar nauyi, a lokacin ne ƙasa ta fi bushewa. Mutanen Auckland ta ƙasar New Zealand sun ga wannan a farkon 1998, lokacin da manyan kebul huɗu masu kilovolt 110 da ke ciyar da tsakiyar birnin suka mutu ɗaya bayan ɗaya cikin zafi da fari, aka shafe makonni 5 ana fama da duhu. Abin da ya cece su kafin a gama gyara shi ne layin sama na wucin gadi da aka kafa cikin gaggawa, kuma a gefen layin dogo aka bi da shi. Maganin zafin sananne ne: a shimfiɗa wa kebul ƙasa ta musamman mai fitar da zafi, a ƙara kaurin tagulla, a sa zaren gilashi a jikinsa yana auna zafin kowane taku. Kowanne daga cikinsu kuɗi ne a kan kuɗi, a hanyar da ta haɗa da marmara mai wuyar haƙa, da ƙoramun da ke zaizaye ƙasa da damina, da kwarin Dallol Bosso wajen Birnin Gaure.

Na uku shi ne gyara. Gaskiya ne guguwa ba ta kayar da abin da ke cikin ƙasa, kuma waɗanda suka zauna Yamai a 2013 ba su manta da wahalar da aka sha ba lokacin da turakun layin Birnin Kebbi, mai kawo mana wuta daga Najeriya, suka faɗi. Amma turken da ya faɗi ana ganinsa daga mota. Kebul kuwa a kan manyan faifai ake kawo shi, kowanne kilomita ɗaya ko ɗan fiye, sai a riƙa haɗa gaɓa da gaɓa, wato daga nan zuwa Dosso kowane kebul zai sami mahaɗa wajen 100. Mahaɗar nan ita ce ta fi saurin lalacewa, kuma gyaranta sai ƙwararru ƙalilan, a cikin rumfar da ko ƙura ba a yarda ta shiga ba. Abin da ake gyarawa cikin kwanaki a sama yakan ci makonni a ƙasa.

Sannan kada ka manta cewa waya ba ta haifar wuta, ɗaukowa kawai take yi. A watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar mana, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da kamfanin wuta na NIGELEC ke rarrabawa, layin kilovolt 132 na Birnin Kebbi lafiyarsa ƙalau, babu abin da ke bi ta cikinsa ne kawai. Da a ƙasa yake, da duhun ɗaya ne. Dogon kuma a Dosso ya tsaya, bai kai iyaka ba. Kuɗin da za a binne a wannan ramin sun fi amfani a madatsar Kandadji mai megawat 130 da tashoshin hasken rana.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma masu bin wannan shafi sun san ba yau na fara faɗarsa ba. Mu mutane ne masu binne abu mu manta inda muka sa shi. A layinmu, a bara, na tsaya a kan wani magini yana haƙa ramin kwata, sai digarsa ta sari wani baƙin kebul da ba ya ko da zurfin taƙi biyu, babu bututu, babu ragar gargaɗi, babu alama a bango. Ya ɗaga guntun yana juya shi a hannu, zarurrukan gilashi siraran kamar gashi suna leƙowa, yana tambaya ko jijiyar itace ce. Ranar gidaje da shaguna da dama suka kwana ba intanet, kuma Allah ne ya kiyaye ba ta wuta ba ce, da gawarsa za a ɗauka. Wanda ya binne ba tare da taswira ba shi ne mai laifi, maginin neman abincinsa yake yi. Idan ba mu iya kiyaye kebul mai kaurin yatsa a cikin unguwa ba, ina dalilin gaggawar binne mai ɗauke da dubban volt a dajin da babu mai gadi?

Abin da nake so a yi da wannan fili shi ne a fara da ƙarami. A hana gini da noma su cinye shi, a shimfiɗa bututun zaren gilashi a gefensa tare da wasu bututun da babu komai a ciki domin gaba, a kafa turken siminti mai lamba a kowace tazara, a ajiye taswirar a inda duk mai haƙa zai iya dubawa. Zaren gilashi ba ya zafi, ba ya buƙatar tashar juya wuta, kuma hanya ce da aka gwada: kamfanin sadarwa na Sprint a Amurka daga layukan sadarwar kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya samo asali. Binne wayar wuta kuwa, wurinsa shi ne gajerun layuka a cikin gari, inda turaku ba su da wurin tsayawa.

Wata Hajiya daga Talladje ta ce salularta tana nuna sandunan sigina a cike, amma intanet ba ya tafiya idan an ɗauke wuta.

Hajiya, salularki lafiyarta lau, kada ki bari a karɓi kuɗinki da sunan gyara. Sandunan suna nuna kusancinki da eriya ne kawai, kuma idan wuta ta tafi kowa yakan koma kan salula, sai eriyar ta cika. Ki ajiye layin kamfani na biyu, ki juya zuwa gare shi.

Wani magidanci daga Lazaret yana so ya ja wuta daga gidansa zuwa shagon da ya gina a ƙofar gida, ya ce zai tona ƙasa ya tura waya.

Alhaji, irin abin da na gama faɗa ke nan, don haka kada ka tura wayar cikin ɗaki a ƙasa tsirara. Ka sa ma'aikacin wuta ya kawo kebul baƙi mai rufi biyu, irin U-1000 R2V, a zura shi cikin bututu a zurfin aƙalla santimita 60, da rairayi mai laushi a ƙasa da sama, ba tare da wata mahaɗa a cikin ramin ba. A shimfiɗa jar ragar gargaɗi taƙi ɗaya a samansa, domin ja ta wuta ce, kore ta sadarwa, shuɗiya ta ruwa. Kafin a rufe ramin, ka ɗauki hotonsa da salularka daga kusurwa uku, da ma'auni a miƙe daga jikin bango, ka tura wa babban ɗanka kwafi.