Wa ke magana da yawun likitoci a duniya?

Ɗan'uwa daga Gombe, ka tambaya ko WHO, wato Hukumar Lafiya ta Duniya, ita ce ƙungiyar likitocin duniya. A'a, waccan ta gwamnatoci ce, ministocin lafiya ke zama a taronta.

Ta likitoci ita ce WMA, wadda aka kafa a birnin Faris na Faransa a 1947, bayan ta'asar da wasu likitocin Jamus suka tafka a yaƙin duniya na biyu. Ita ta fitar da ƙa'idojin Helsinki a 1964, masu hana yin gwajin magani a jikin mutum ba da yardarsa ba. NMA tamu, ƙungiyar likitocin Najeriya, tana ciki, har ɗan Najeriya, Dakta Osahon Enabulele, ya shugabanci WMA daga 2022 zuwa 2023.

Amma fa ba ta hukunta kowa, sai dai ta tsawatar.