Ɗan Riƙona Ba Ya Tausayin Kowa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ɗan yayana marigayi ne a hannuna, shekararsa 15. Yana ɗan shekara 2 aka saki uwarsa, kakarsa ta riƙe shi a Tibiri har ta rasu, aka tura shi almajiranci, bara ya dawo wurina. Ran Juma'a ya fasa wa autata baki a kan rake, jini na zuba, shi kuwa ya koma gindin bedi yana shan abinsa. Kuɗin cefane ma ba su tsira ba. Maigidana ya ce a mai da shi ƙauye. Anya yaron nan yana da zuciya?
— Wata uwa, unguwar Zariya, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba ki ladan riƙon maraya. Zuciya kam yana da ita, rufe ta ya yi. Ƙirga hannun da ya bi: uwa, kaka, malam, sannan ke. A bayan mai goyo ake fara koyon tausayi: jariri ya yi kuka a sauke shi a ba shi nono, ya firgita a rarrashe shi. Yaron da duk wanda ya shaƙu da shi sai ya wayi gari babu shi, yakan daina sa rai da kowa. Wanda kuwa ya saba haɗiye kukansa, da wuya kukan wani ya dame shi.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, John Bowlby, ya wallafa bincikensa a 1944 kan yara 44 masu sata. Ya ga 14 cikinsu ba sa nuna ƙauna ko nadama, kuma 12 daga 14 ɗin an daɗe da raba su da uwayensu tun suna ƙanana. Ba riƙo nake zargi ba, ni ma gwaggota ce ta tashe ni. Yawan sauyin hannu shi ne illar.

Don haka ki roƙi maigida ya yi haƙuri. Mai da shi ƙauye hannu na biyar ne, kuma abin da yaron ke jira ke nan, gwada ku yake yi. Ki cire “zan kore ka” daga bakinki. Laifi kuwa kada a bar shi ya wuce, amma bulala ya sha ta har ta zama ruwa. Ya riƙe wa ƙanwar kwanon ruwan ɗumi ana gasa mata bakin, ya ga kumburin da idonsa. Kuɗin da ya ɗauka ya biya da aiki. Kafin nan kada a bar su su biyu kaɗai.

In uwarsa na raye, a neme ta ko ta waya ce. Ki kuma lura ko yana shan tramol. In kin ga alama, ko dukan ya ƙaru, ku je babban asibitin Maradi ku nemi ɓangaren masu kula da ƙwaƙwalwa. Ki sake rubuto mini bayan wata uku.