Tambayi Likita: Maganin tari da zaƙami

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 17. Na tsinci kwalaben maganin tari a ƙarƙashin katifarsa, ya ce ai babu kodin a ciki, kowane kemis na sayarwa. Ran wani biki kuma ya dawo yana kame-kame, yana magana da waɗanda ba ma gani. Kakarsa ta ce iska ce. Yaya zan yi? Wata uwa daga Sakkwato.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya ne tun watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Sai dai ɗauko kwalbar ki karanta jikinta. Da yawansu akwai dextromethorphan ko diphenhydramine, waɗanda cokali biyu ke kwantar da tari, amma in aka shanye kwalba sukan sa gane-gane, bugun zuciya da farfaɗiya. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne mai haɗe da farasitamol. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 na farasitamol a yini ba. Wanda ya zarce zai iya kwana biyu garau alhali hantarsa na lalacewa, sai idonsa ya yi ruwan ɗorawa a ankara.

Ba ɗanki kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya gano ’yan Najeriya kusan miliyan 2.4 na shan maganin tari ba don tari ba.

Abin da ya faru ran biki kuwa, na fi zargin zaƙami, wanda samari ke jefawa a kunu ko zoɓo. Yana ɗauke da sinadarai masu guba da ake kira atropine da scopolamine. Ƙwayar ido kan buɗe, baki ya bushe ƙamas, jiki ya yi zafi ba gumi, fitsari ya ƙi fita. Ƙarfinsa ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, shi ya sa abin da ya bugar da wani yake kashe wani.

Ki girmama kakarsa, a yi addu’a, amma in ya sake shiga wannan hali, asibiti za ku nufa nan take, da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. In ya natsu, ki zauna da shi ba duka ba zagi, sannan ku je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, a duba shi har da hantarsa.