Zuwa ga 'yata, kan kunyar ɗan fari da maganar riƙo

'Yata, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Saƙonki ya iso. Kin ce surukarki ta zo muku Abuja, ta ji kina kiran ɗanki na fari da sunansa, ta ga kuna zama kuna hira bayan cin abincin dare, ranta ya ɓaci, ta ce ba a haka a gidan mutunci. Ta kuma kawo shawarar a kai shi wurin baffansa ya riƙe shi, tunda ya kai shekara 13 ya fara taurin kai. Kina tambayata ko ki bi al'ada ko ki ci gaba da yadda kike.

Kada ki ɗauki matar nan a wadda ba ta san abin da take yi ba. Yadda aka tashe ta ke nan, mu ma haka aka tashe mu. A da yarinya kan haihu tana da ƙuruciya, tana zaune cikin surukai, sai kunya ta hana ta nuna ɗan nata ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka ana zaune sai wata ta ɗauka ta rarrashe shi. Ranar yaye a kai shi wurin kaka, sau da yawa can zai zauna har ya girma. Fulani sun ma fi mu tsanantawa. Amma yaron bai rasa mai yi masa magana ba. Kakarsa tana nan tana tsokanarsa, tana ce masa mijinta, tana yi masa tatsuniya da dare. Gwaggo tana nan, kawu yana nan, maƙwabci ma in ya ga ya yi ba daidai ba zai tsawata masa, don ɗa na kowa ne. Uwa ta yi shiru ne saboda gidan cike yake da bakuna.

To ke fa? Kuna cikin ɗaki biyu da falo, ƙofa a kulle, maƙwabcinku bai san sunan yaron ba. Idan kika kame bakinki, ubansa kuma ya fita tun asuba sai dare, wa zai yi masa magana? Waya ce da abokai. Su kuwa ba sa jin kunyar kowa.

Shi ya sa amsata ita ce kada ki yi shiru da ɗanki. Buɗe Maimaitawar Shari'a sura 6, aya 6 da 7. Ubangiji ya umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu maganarsa da himma, suna zaune a gida, suna tafiya a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Ba a ce ban da ɗan fari ba. Kuma wannan aiki ne da ba ya yiwuwa da ɗan aike. Dubi Timoti, Bulus ya ce bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama ne cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, kuma tun yana ƙarami ya san Littattafai. Kaka ta yi nata, uwa ta yi nata, ɗaya ba ta ɗauke wa ɗaya ba. Maryamu ma Yesu ɗan farinta ne. Da ya tsaya a Haikali yana shekara 12, suka yi kwana uku suna nema, da ta gan shi ita da kanta ta yi masa magana a gaban malamai, ta faɗa masa irin damuwar da suka shiga.

Maganar riƙo kuwa ba zan ce miki haram ba ce. Hannatu ta kai Sama'ila wurin Eli bayan yaye. Amma lura da abu biyu. Ta kai shi ne saboda wa'adin da ta yi wa Ubangiji, ba don ya gagare ta ba. Kuma ba ta sake shi ba, kowace shekara tana ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Eli ɗin nan da ya riƙe ɗan wani, nasa 'ya'yan, Hofni da Finehas, sun lalace a gabansa don bai kwaɓe su yadda ya kamata ba. Mu nan Wusasa mun san riƙo sarai. Tun Likita Mila, Baturen mishan, yana cikin birnin Zariya, kafin mishan ta dawo nan wajen 1929, yara sun zauna a hannun mishan suna karatu, kuma daga cikin irin yaran nan aka sami malamai da ma'aikatan asibiti. Ban raina wannan ba. Amma yaron da aka tura don neman ilimi ya san an tura shi ne da albarka. Wanda aka tura a shekara 13 saboda taurin kai, abin da zai ji a ransa shi ne an gaji da shi. Irin wannan miki yakan daɗe bai warke ba. Na ga manyan mutane da furfura suna faɗarsa da hawaye a wurin addu'a.

Taurin kan ma ki dube shi da kyau. Yaro ne da jikinsa ke sauyawa, muryarsa ta fara buɗewa, yana so a ɗauke shi a mutum. Yanzu ne tambayoyi za su taso masa. Abokansa Musulmi sun fara karatun allo da Islamiyya tun suna ƙanana, sun haddace nasu, kuma wannan abin a yaba wa iyayensu ne. Za su tambaye shi yaya Bahaushe zai zama Kirista, yaya za a ce Allah yana da Ɗa, me ya sa ba ya salla. Wasu don neman sani, wasu don tsokana. Idan a gida ba a taɓa zama da shi an bi waɗannan a hankali ba, ko dai ya ji kunyar bangaskiyarsa ya ɓoye ta, ko ya mayar da zagi, duka biyun kuwa asara ce. Ki koya masa ya ba da amsa da tawali'u da ladabi, kamar yadda Bitrus ya ce. In ya kawo miki tambayar da ta fi ƙarfinki, kada ki ce masa shaiɗan ne ke ruɗinsa. Ku ɗauka ku je wurin fasto tare.

Makarantar Lahadi awa ɗaya ce a mako. Birged, ƙungiyar yara maza ta coci, tana da kyau, FCS ma haka, ƙungiyar ɗalibai Kirista da aka fara a Gindiri a 1957 ta riƙe ɗalibai da yawa a makarantun kwana. Ki bar shi ya shiga. Sai dai duk waɗannan taimako ne, ba su ne iyayensa ba. Ku tsayar da addu'ar iyali ko ta minti goma ce, a ba shi Littafi Mai Tsarki shi ya karanta, wata rana a ce shi zai yi addu'a. Ina roƙonki a riƙa yi da Hausa ko da wani lokaci ne. Tun 1932 muke da Littafin nan cikin harshenmu, ga Littafin Waƙoƙi, bai kamata jikokinmu su tashi suna ganin Allah sai da Turanci ake yi masa magana ba. Ajin tabbatarwa kuma kada ku tura shi don sa'o'insa sun shiga. Bari ya fahimci alkawarin da aka ɗaukar masa ranar baftisma kafin bishop ya ɗora masa hannu. Waɗanda suka tsaya masa a ranar baftismar, ina suke? Ki neme su. Su ma hakki ne a wuyansu.

Akwai maganar da ta fi dacewa da bakin ubansa: balaga, 'yan mata, abin da ake gani a waya, da shaye-shaye. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma kin san kayan maye ba su ƙare a unguwanni ba. Ki gaya wa maigidanki, cikin ladabi, cewa kunyar ɗan fari ta fi kama maza a wannan wuri, kuma biyan kuɗin makaranta bai sauke masa nauyi ba. Afisawa 6 da ta ce 'ya'ya su yi biyayya, ita ce ta juya ta ce ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, su goye su cikin horo da gargaɗin Ubangiji. Bulala a wannan shekarun ba ta ƙara komai sai iya ɓoye laifi.

Ba duka al'adar za ki zubar ba. Ya durƙusa ya gai da manya, kada ya miƙa wa babba hannu sai an miƙo masa. Kada ki yi ta yabonsa a gaban mutane, kada ki tare masa faɗa in malami ko maƙwabci ya kawo ƙara, ki saurara tukuna. Wannan ɓangaren kunyar yana da amfani, yana hana yaro girman kai.

Surukarki kuwa kada ki yi gardama da ita, kada kuma ki buɗe mata aya. In tana zaune ki sakaya sunan, ki ce yaron nan, ba abin da zai rage ki. Ki bar maigidanki ya shaida mata cewa yaron zai zauna a gabanku, amma duk dogon hutu zai je wurinta ya yi makonni, ta yi masa irin tata tarbiyyar, ya san danginsa, ya je gona da baffansa. Ina ganin abin da take nema ke nan tun farko, a ba ta rabonta a cikin jikanta. In Allah ya kai mu Kirsimeti kuka zo gida, ni zan je in gaishe ta mu yi maganar tsakaninmu tsofaffi. Ki gai da maigidan da yaran duka.

Gwaggonki, daga Wusasa.